Daga A1 zuwa digirin kwamfuta: yadda ɗan zango mai ƙoƙari zai tafiyar da shekarunsa huɗu a Tek

Duk shekara idan sakamakon WASSCE ya fito, sai barka ta kacame a Aboabo da Asawase da Sabon Zango: ɗan wane ya kwaso A1 shida, 'yar wance ta kwaso bakwai. Da yawa daga cikin waɗannan yara kwamfuta suke so su karanta, ga kuma jami'ar kimiyya da fasaha ta KNUST, wadda kowa a Kumasi yake kira Tek, nan bakin ƙofa. Ƙanena, da kai nake, ke ma ƙanwata da ke nake. Abin da ya kai ka ga A1, wato hadda da bitar tsofaffin tambayoyi da zama kan littafi har dare ya raba, zai kai ka rabin hanya ne kawai a wannan fanni. A karatun kwamfuta abu biyu ake tarawa lokaci guda, maki da gwanintar hannu, kuma ɗalibi mai ƙoƙari ya fi kowa shiga haɗarin tara na farko ya manta da na biyu, domin makin shi ne abin da aka saba yaba masa a kai tun yana aji ɗaya.

Kafin ka sayi fom

Kwasa-kwasai uku ne ake rikitawa. Kimiyyar kwamfuta, wadda a Tek take ƙarƙashin Kwalejin Kimiyya, ta fi karkata ga lissafi da rubuta manhaja da sanin dalilin da ya sa wata hanyar warware matsala ta fi wata. Injiniyancin kwamfuta yana Kwalejin Injiniyanci, kuma akwai lantarki da yawa a cikinsa: da'irori, sigina, ƙananan na'urori. Fasahar bayanai, wadda aka fi sani da IT, ta fi kusa da girka tsare-tsare da kula da su a ma'aikata. Idan Fizis ne ya fi yi maka daɗi a sakandare, dubi injiniyanci. Idan lissafin zaɓi ne yake hana ka barci don daɗi, kimiyyar kwamfuta ce gidanka.

Agiriget, wato jimillar makin WASSCE da ake duba wajen ɗaukar ɗalibai, daga darussa shida ake haɗa shi: Turanci, lissafin dole, kimiyyar dole, sai uku daga na zaɓi. A1 maki 1 ne, don haka 6 shi ne ƙoli, kuma duk darasin da ya faɗi ƙasa da C6 ba ya shiga lissafi. Iyakar da ake yankewa tana canjawa kowace shekara, saboda haka ka duba ta bana a shafin jami'ar da kanka, kada ka dogara da abin da wani ya samu shekaru uku da suka wuce. Kuskuren da masu ƙoƙari suke yi shi ne cika dukkan guraben zaɓi da kwasa-kwasan da ake rububinsu. Ka sa aƙalla ɗaya wanda ka tabbata za ka samu, kamar lissafi ko ƙididdiga, domin daga can ma hanyar kwamfuta a buɗe take.

Kada Kumasi ta rufe maka ido. Jami'ar Ghana da ke Legon tana da sashen kwamfuta, akwai kuma Ashesi a Berekuso, wadda Patrick Awuah ya kafa a 2002 bayan ya bar aiki a Microsoft. Kuɗinta da tsada, amma tana ba da tallafi ga masu ƙoƙari marasa hali, kuma ita da Tek duk suna cikin shirin tallafin karatu na Gidauniyar Mastercard. Fom ɗin tallafi daban yake da na shiga jami'a, ranar rufe shi ma daban. Yara da yawa sai an rufe suke jin labari.

Kuɗi, ɗaki da laftof

Daga 2025 gwamnati ta fara ɗaukar kuɗin karatun shekarar farko a manyan makarantunta, amma wannan bai haɗa da ɗaki da abinci ba. Akwai asusun bashin ɗalibai na SLTF, wanda yanzu da Ghana Card ake nema ba sai an kawo mai tsaya maka ba, akwai asusun ilimi na gwamnati GETFund, akwai tallafin Gidauniyar MTN. Ka nemi duk wanda ka cancanta, ka ajiye hoton kowace takarda a waya da imel.

'Yan shekarar farko ne suka fi samun ɗaki a zaurukan jami'a irin su Unity da Republic da Queens. Daga shekara ta biyu sai a koma hostel a Ayeduase ko Kotei ko Bomso. A nan iyaye za su ce, ai gida ba nisa, ka riƙa shiga trotro. Idan babu hali, babu laifi, an yi kuma an ci nasara. Amma idan da hali, ka roƙi a bar ka ka kwana kusa da makaranta ko da shekarar farko ce kawai. Ba cunkoson hanyar Tek Junction ne kaɗai matsalar ba. Wanda yake kwana a gida shi ake aika, shi ake tasa ya raka mara lafiya asibiti, kuma awannin dare da ake haɗuwa a warware aikin gida tare duk suna wuce shi.

Laftof ba sai sabo ba. Tsohon na ofis irin ThinkPad ko Latitude ko EliteBook ya ishe ka har ka gama, muddin yana da RAM aƙalla 8GB da faifan SSD. Idan ka je shagunan Adum, ka tafi da wanda ya san kaya. Ka cire caja ka ga yadda batir yake sauka, ka danna kowane maɓalli ɗaya bayan ɗaya, ka gwada ramukan USB da Wi-Fi, ka tabbata babu kalmar sirri a BIOS. Batir ya fi kyawun jiki muhimmanci, duk wanda dumso, wato ɗauke wuta, ya taɓa kamawa yana tsakiyar aiki ya san haka.

Ka fahimci yadda ake lissafa makinka tun makon farko

A Tek ana amfani da CWA, wato matsakaicin makinka na dukkan darussa. Kowane darasi yana da nauyinsa na kiredit, sai a ninka makinka da kiredit ɗin, a tara, a raba da jimillar kiredit. Daga 70 zuwa sama digiri mai daraja ta ɗaya ke nan, daga 60 zuwa ƙasa da 70 daraja ta biyu babba. Ƙasa da 40 a darasi ka faɗi, abin da ɗalibai ke cewa ka yi tirel, sai ka sake shi.

Ga misali. Ka ci 85 a darasin rubuta manhaja mai kiredit 3, ka ci 72 a lissafi mai kiredit 3, sai ka raina darasin dabarun sadarwa da Turanci mai kiredit 2 ka tashi da 48. Jimilla 567, a raba da 8, ka samu kusan 70.9. Da ka ba wannan ƙaramin darasi haƙƙinsa ka ci 65, da 75.1 za ka gani. Darasin da ka raina shi ya ci maka maki huɗu. Wani abin lura kuma, a wannan tsari 70 da 85 duk A ne a takarda, amma ba ɗaya suke ba a CWA, saboda haka darasin da ka ƙware a kai ka matse shi har ƙarshe. A Legon labarin ya bambanta: GPA ake yi a kan 4.0, A daga 80 take farawa, 80 da 98 daidai suke, daraja ta ɗaya kuwa daga 3.6. Wanda yake can, gara ya daidaita ƙarfinsa a kan dukkan darussa da ya yi fice a guda ɗaya.

Yanzu dubi dalilin da ya sa shekarar farko take da nauyi. A ce kiredit ɗin kowace shekara daidai suke. Wanda ya gama shekarar farko da 62 yana buƙatar kusan 72.7 a kowace shekara cikin ukun da suka rage kafin ya kai 70. Idan ya bari shekara biyu suka tafi a 62, sai ya ci 78 a sauran biyun, a daidai lokacin da darussa suka fi tauri. Darussan shekarar farko su ne mafi sauƙi ga wanda ya fito da ƙarfi daga sakandare, kuma a nan ne da yawa suke sakin jiki, suna ganin ai sun san wannan tun a T.I. Ahmadiyya ko Prempeh. Ka tara maki tun suna da arha. Gwajin tsakiyar semesta da ayyukan gida su ma kaso ne mai kauri na makin ƙarshe, kada ka bari ko ɗaya ya wuce ka.

Shekarar farko: hannu a kan allon rubutu

Mu da muka taso a makarantar allo muna da baiwar hadda, kuma tana da amfani: ma'anoni, ƙa'idoji, dokokin lissafi, duk za ka riƙe su kafin abokanka. Amma za ka iya haddace shirin kwamfuta mai layi 40 ka zubar da shi a takardar jarrabawa ka ci maki, alhali idan aka ba ka kwamfuta aka canja tambayar kaɗan sai ka tsaya cak. Rubuta manhaja kamar ɗinki ne, ba wanda ya zama tela don ya haddace sunayen sassan keke.

Saboda haka ka yi wa kanka doka. Duk misalin da malami ya nuna a aji, a ranar ka buga shi da hannunka, ba kwafa da liƙawa ba. Idan ya yi aiki, ka ɓata shi da gangan: cire alama ɗaya, canja lamba, ba shi sifili ko lamba mai ragi inda yake jiran lamba mai kyau, ka karanta saƙon kuskuren da ya fito tun daga farko har ƙarshe. Mafi yawan sababbin ɗalibai da sun ga jan rubutu sai gabansu ya faɗi su rufe, alhali saƙon yana faɗa musu layin da matsalar take. Sannan ka rufe littafi ka sake rubuta shirin daga kanka. Awa ɗaya kowace rana ta fi awa goma a daren Asabar.

Yaren rubuta manhaja da sashenku ya fara da shi, C++ ne ko Java ko Python, ka tsaya a kansa har ka iya shi sosai. Tsalle daga yare zuwa yare yana sa mutum ya ji kamar yana ci gaba, alhali gaisuwa kawai ya iya da kowanne. Idan bayanin aji bai ishe ka ba, darasin CS50 na Jami'ar Harvard kyauta ne a intanet, haka laccocin MIT. Ka sauke su da Wi-Fi na makaranta don kada data ta cinye kuɗin abincinka.

Manhajojin ƙirƙirarriyar basira irin ChatGPT za su iya rubuta maka aikin gida na shekarar farko cikin daƙiƙa kaɗan. Ra'ayina shi ne, ka tambaye su bayani, ka sa su fassara maka saƙon kuskure, amma kada ka karɓi amsar aikin da ba ka yi fama da shi ba tukuna. Wahalar nan da kake gudu ita ce karatun. A zauren jarrabawa da gaban mai ɗaukar aiki, kai kaɗai ne.

Lissafi kuma kada ka ɗauke shi a matsayin shinge da za a tsallake. Lissafin mantiƙi da saiti da hujjoji shi ne ƙashin bayan fannin, aljabarar matris da ilimin yiwuwa kuwa su ne ƙofar koyar da na'ura. Pasko, wato tsofaffin tambayoyin jarrabawa, yana da amfani, amma sai a makonnin ƙarshe, don ka san salon tambayar malami.

Shekara ta biyu: inda ake rabuwa

Darasin tsarin bayanai da algoridim, wato hanyoyin warware matsala mataki-mataki, shi ne wanda zai bi ka har ƙarshen aikinka. Ga ɗanɗanonsa. Ƙidayar 2021 ta nuna mutanen Ghana sun kai kusan miliyan 30.8. A ce sunayensu duka suna jere bisa haruffa, kana neman guda. Idan ka bi ɗaya bayan ɗaya, za ka iya duba miliyoyi. Idan kuwa ka buɗe tsakiya, ka ga ko sunan yana gaba ko baya, ka watsar da rabin da ba ya ciki, ka sake raba saura biyu, ba za ka wuce dubawa 25 ba, domin 2 da aka ninka da kanta sau 25 ta haura miliyan 33. Wannan bambanci tsakanin miliyoyi da 25 shi ne abin da ake biyan masanin kwamfuta dominsa. Ka rubuta kowane tsari da kanka, jeri mai sarƙa, tari, layi, bishiya, teburin hash, kafin ka fara amfani da wanda aka riga aka gina. Ka riƙa warware tambayoyi biyu ko uku a mako a shafukan atisaye irin LeetCode ko Codeforces, idan kuma kun samu ku uku masu zafi, ku gwada gasar rubuta manhaja ta ICPC, wadda ƙungiyar mutum uku take yi a kan kwamfuta ɗaya.

A wannan shekara ka koyi Git, mai ajiye tarihin sauye-sauyen manhajarka, ka buɗe asusu a GitHub, shafin da ake ajiye manhaja a nuna wa jama'a, ka girka Linux, wanda takwaran Windows ne, ko da a gefen Windows ɗin ne. Da imel ɗin makaranta za ka iya neman kunshin kayan aiki na kyauta da GitHub yake ba ɗalibai.

Sai kuma ka gina abu na gaske, wanda wani mutum mai rai zai yi amfani da shi. Ba sai ka je nesa ba. Dubi littafin adashin da innarka take riƙewa. A ido abu ne mai sauƙi: mutum 12, kowa ya zuba, ɗaya ya kwasa. Zauna da ita ka ce, “Inna, idan wata ta kawo rabi ta ce sauran sai jibi, yaya kike rubutawa?” Nan za ka ji abubuwan da babu su a littafin darasi. Akwai mata biyu da suka haɗa hannu ɗaya. Akwai wadda ta roƙi a musanya mata kwasa saboda bikin 'yarta. Akwai wadda ta turo ta MoMo da lambar mijinta, sunan da ya fito ba nata ba. Kowanne cikin waɗannan tambaya ce ta yadda za ka tsara rumbun bayananka. Za ka kuma ci karo da wani abu: buga 0.1 + 0.2 a Python, amsar da za ka gani ita ce 0.30000000000000004, saboda kwamfuta ba ta iya ajiye waɗannan gutsattsarin lambobi daidai da tsarin sifili da ɗaya. Shi ya sa masu rubuta manhajar kuɗi sukan ajiye komai da pesewa, a matsayin cikakkiyar lamba, sidi 1 ya zama 100. Ranar da Inna ta ce lissafinka ya saɓa da nata da sidi biyu, kuma ita ce da gaskiya, za ka koyi gwada manhaja fiye da yadda kowace lacca za ta koya maka. Aiki ɗaya irin wannan da ya yi shekara yana tafiya ya fi kalkuleta goma da aka kwafo daga YouTube.

Mutane

Mai ƙoƙari yakan saba da aiki shi kaɗai, har ya riƙa ɓoye abin da ya sani. A nan wannan hali asara ne. Ka nemi mutum uku ko huɗu, cikinsu har da wanda ya fi ka, kuma ka riƙa koya wa waɗanda ba su gane ba, domin wajen bayani ne za ka gano inda naka sanin yake da rami. Ƙungiyar ɗalibai Musulmi ta GMSA wuri ne mai kyau na samun yayyen da suka riga ka a sashen, su ne za su gaya maka halin kowane darasi. Amma kada ka tsaya a cikin 'yan'uwa kaɗai. Ki lura ƙanwata, a aikin rukuni ana yawan tura wa mace rubuta rahoto da shirya allon gabatarwa, maza su riƙe rubuta manhajar. Ki ƙi. Ki ɗauki ɓangaren da ya fi wuya ki yi shi.

Malamai biyu aƙalla su san sunanka da aikinka kafin ka gama shekara ta uku. Hanyar ita ce ka je ofis da tambaya mai ma'ana wadda ta nuna ka yi karatu, ka kuma nemi a sa ka a wani bincike ko da share bayanai ne. Su ne za su rubuta maka takardar shaida nan gaba.

Idan azumi ya haɗu da jarrabawa, mayar da karatu mai nauyi bayan sahur da asuba, ka bar bita mai sauƙi ga la'asar.

Gida da unguwa

Da an ji kana karanta kwamfuta ka zama mai gyaran wayar dangi. Wannan ba komai, ka sa masa lokaci kawai. Wanda ya kamata ka yi hattara da shi shi ne mai cewa, “Ɗan'uwa, buɗe mini WhatsApp ɗin wance,” ko abokin da zai kawo maka aikin shafin bogi da kuɗi a hannu. Shiga na'ura ko asusun wani ba da izini ba laifi ne a dokar Ghana, akwai dokar mu'amalar lantarki ta 2008 da ta tsaron intanet ta 2020. 'Yan sakawa, wato masu damfara ta intanet, suna neman irinka ido rufe, kuma tayinsu yakan zo ne daidai lokacin da kuɗin hostel ya matse. Idan tsaron intanet ne yake burge ka, akwai gasannin kutse na halal da ake shiryawa a kan na'urorin gwaji, kuma fanni ne da ake ɗaukar ma'aikata.

Shekara ta uku da ta huɗu

Dogon hutu na koyon aiki ne. Ka fara nema watanni kafin hutun, da takardar bayanin kai shafi ɗaya wadda ta nuna abin da ka gina da adireshin GitHub ɗinka. A Kumasi akwai Kumasi Hive, a Accra akwai kamfanoni irin su Hubtel da Turntabl, ga AmaliTech, ga bankuna da kamfanonin waya. Shirin Google Summer of Code kuma daga ɗakinka za ka yi shi, a biya ka kana gyara manhajar da kowa yake da damar gani.

A nan ne za ka zaɓi ɓangare: manhajar yanar gizo da waya, tsaro, hanyoyin sadarwa, ko koyar da na'ura. Idan na ƙarshen ne, kana da abin da yawancin 'yan ajinku ba su da shi. Google ta buɗe cibiyar bincikenta ta ƙirƙirarriyar basira a Accra a 2019, taron Deep Learning Indaba ya zo Legon a 2023, kuma ƙungiyoyi irin su Masakhane da Ghana NLP suna aiki a kan harsunan Afirka. Wanda ya iya Hausa da Twi, wataƙila har da Dagbani ko ajami, ya kuma iya lissafi, yana da aikin kammala digiri a hannunsa. Hausar zango ma ta bambanta da ta Kano wadda aka fi tarawa a rubuce. Ka zaɓi aiki ƙarami wanda zai kammalu, ka samu malamin da zai duba aikinka da wuri, ka fara rubuta rahoto tun semesta ta farko.

Bayan digiri akwai hidimar ƙasa ta shekara ɗaya. Sashe yakan riƙe masu maki mai kyau su zama mataimakan malamai, kuma wannan ya dace da mai niyyar digiri na biyu ko na uku. Mai son aikin kamfani kuwa gara ya nemi inda ya yi koyon aiki su buƙace shi da suna. MEST da ke Accra tana horar da masu son kafa kamfani, AIMS tana ɗaukar masu ƙarfin lissafi. Tallafin digiri na biyu na Chevening na Birtaniya sai da gogewar aiki ta shekara biyu, don haka ba na fita nan take ba ne. Digiri na uku a fannin kwamfuta a Amurka galibi jami'a ce take biyan kuɗin makaranta ta kuma ba da na kashewa, ana iya nema da digiri na farko kai tsaye, kuma yawancinsu a Disamba suke rufe karɓar takardu. Ka nemi takardar sakamakonka daga jami'a tun da sauran watanni, ka ba kowane malami aƙalla wata guda ya rubuta maka shaida, ka haɗa masa da taƙaitaccen bayanin ayyukan da ka yi a ƙarƙashinsa da ranar da kowace makaranta take rufewa.